A Yi Wa Iyaye Bayani Kafin A Sallami Yaro

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan yaran da ake komawa da su sashen gaggawa cikin awa 72 da sallama. A ganina, babbar matsalar tana bakin ƙofar fita.

Watan jiya na raka maƙwabciyata wani asibiti a nan Jidda, ɗanta na zawo da amai. An duba shi, an ba ta ruwan gishiri da sukari, aka yi mata bayani da Larabci cikin sauri, ita kuwa Larabcinta bai wuce na kasuwa ba. Ba ta gane cewa cokali-cokali ake ba yaro ba, ta ɗura masa kofi guda, ya amayar. Washegari muka koma da shi, idanunsa sun faɗa, leɓensa ya bushe.

Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta sa kada a sallami yaro sai uwa ta maimaita bayanin da bakinta, a samo mai fassara in da buƙata. A faɗa mata alamomin dawowa: rashin fitsari, numfashi da ƙyar, kasa shan komai. A kuma rubuta mata lambar 937, wato layin wayar Ma'aikatar Lafiya na neman shawarar likita, a takardar sallama.

Wata uwa, Jidda