Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Ga Membobin Ƙungiya

Assalamu alaikum. 'Yan uwa maza da mata, ga bayanin abin da muka yi a bana.

Mun buɗe shekara da shari'ar kujerar gwamnan Kano. Kafin Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Abba Kabir Yusuf nasararsa ranar 12 ga Janairu, ji-ta-ji-ta ta cika wayoyin mutanen gari. Kwamitin tantance labarai ya yi ta bin diddigin tsofaffin hotuna da ake turawa a WhatsApp kamar na jiya ne. A nan muka gane cewa dogon rubutu a Facebook ba ya kai wa ga iyayenmu mata a lungunan Dala da Gwale. Saƙon murya na minti ɗaya shi ke shiga har tsakar gida, don haka muka koma murya.

Agusta ne ya fi ba mu wuya. Kiran zanga-zangar tsadar rayuwa ya taso ne daga X da TikTok, bayan matasan Kenya sun tilasta wa Shugaba Ruto janye ƙudirin haraji a watan Yuni. Kanmu ya rabu, wasu na cewa a fita, wasu na cewa a dakata, kuma muka tashi taro ba matsaya. Ranar 1 ga wata aka wawashe cibiyar fasahar zamani ta hukumar sadarwa ta ƙasa (NCC) da ke Kano, wurin da aka gina don horar da matasa irinmu. An rasa rayuka, gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24. A ganina mun iya kiran jama'a ta waya, amma ba mu tanadi wanda zai tsaya a titi ya ce wa yaro ya ajiye abin da ya ɗauko ba. Wannan giɓin namu ne, kada mu ɗora wa 'yan daba kaɗai.

Sai dai wayar ta yi rana a Nuwamba. Da aka gurfanar da yaran da aka kama lokacin zanga-zangar, ciki har da 'yan Kano, a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ranar 1 ga wata, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi. Bidiyon ya karaɗe ƙasa, ranar 4 Shugaba Tinubu ya ce a sake su. Namu aikin shi ne bayyana wa iyaye tuhumar da Hausa da kuma haɗa wasu da lauyoyi.

Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli kan ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, da zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 26 ga Oktoba da jam'iyyar NNPP ta lashe duka 44, mun fara ɗaukar hoton rijiyoyin burtsatse da azuzuwa a Fagge da Kumbotso muna kwatantawa da kasafi. Aiki ne mara armashi, masu zuwa ba su da yawa. Mun kuma yi bita kan sashe na 24 na dokar laifukan intanet, wanda ya shafi saƙonnin da ake turawa ta intanet kuma aka gyara a Fabrairu.

Kuɗin data ya cinye mafi yawan asusu; ma'aji zai karanta lissafi a taro. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a biya kafin nan. Wanda ya cika shekara 25 kuma yake sha'awar majalisar jiha, tunda dokar 2018 da ta rage shekarun tsayawa takara ta ba shi dama, ya same ni bayan taro.

Sakataren ƙungiya
Kano