A daina ɗaura wa tsohon aksil duk birkin da ya shiga

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin 'yan'uwana makanikai da matasan Kano masu sha'awar farfaɗo da tsofaffin motoci a kan wani abu da ya daɗe yana damuna, wato yadda ake zaɓar birkin gaba idan an ɗora wa tsohuwar mota injin da ya fi nata na asali ƙarfi. Na kwashe shekaru masu yawa a gareji, kuma kalmar da na fi tsoro a bakin yaran aiki ita ce "ya shiga", domin shigar ƙarfe cikin ƙarfe ba ta nuna cewa motar za ta tsaya a ranar da ake bukatar ta tsaya.

A 'yan kwanakin nan wani ɗan ƙanena ya kawo mini tsohuwar Land Rover da ya gada, an sauya mata inji, an kuma haɗa mata birkin faifai da aka tsinto a cikin kayan Baljiyam na wata motar dabam, an riƙe kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, da faranti na walda. Da na taka birkin a hankali a kan titin Zariya, sai motar ta ja hagu, ƙafata kuma ta kusa kaiwa ƙasa kafin ta kama. Da na tambaye shi inda ya samo dabarar, sai ya nuna mini hotunan motocin da Amurkawa ke kira hot rod, waɗanda ake ɗaukar tsohon gangar jiki a cusa masa babban inji. Na gaya masa cewa ya ga fenti da ƙyalli, amma bai ga lissafin da ke ƙarƙashinsu ba.

Su waɗancan mutanen wuya ce ta koya musu. Motar Ford Model A da aka ƙera daga 1928 zuwa 1931 tana da inji mai ƙarfin doki 40, birkinta kuwa na sandunan ƙarfe ne, babu mai a cikinsa, kuma kamfanin bai koma birkin mai ba sai a 1939. Da matasa suka fara saka wa waɗannan motoci injin V8, sai suka tarar birkin asali ba zai iya ba, domin idan gudu ya ninka sau biyu, aikin da ke kan birki ninkawa yake yi sau huɗu, kuma duk zafi yake zama a jikin dram, wato gangar ƙarfen da birki ke gogawa daga cikinta. Saboda haka suka koma ga birkin Ford na 1939 zuwa 1948 mai faɗin inci 12. Abin lura shi ne ba daga dram suka fara zaɓi ba, daga sandar da taya ke juyawa a kanta suka fara, wadda makanikai ke kira sipindil. Sipindil na 1937 zuwa 1941 mai zagayayyen baya, da na 1942 zuwa 1948 mai baya kusurwa huɗu, su ne ke karɓar farantin wannan birki kai tsaye, amma na Model A sai an ƙara masa zobe da abin cike tazarar boris kafin ya zauna daidai. Wanda ya fi son birkin Ford F-100 na 1953 zuwa 1956, mai inci 11 wanda juyawar dram ke taimaka masa ya ƙara kamu, ya san cewa sai ya sauya boris ya kuma ɗan rage saman sipindil. Wanda ya ɗauko dram ɗin Buick na alminiyam mai fiffike domin saurin hucewa, sai ya kai shi wurin mai injin sassaƙa ƙarfe. Kowane haɗi yana da sharaɗinsa, kuma ana auna shi ne da ma'auni kafin a ɗaure noti.

A nan ne nake ganin muna kuskure a Kano. Mutum zai shiga kasuwar Ƙofar Ruwa da tsohon dram a hannunsa, ya gwada ramukan ƙusa, in sun yi daidai shi ke nan ciniki ya faɗa. To amma ramukan ƙusa su ne mafi sauƙin tambayoyin. Shin boris na ciki da na waje sun zauna a kan sipindil ba tare da wasa ba? Shin kalifa ba za ta gogi wili ko hannun sitiyari ba idan an karya kan mota har ƙarshe? Shin kimfin, wato sandar da sipindil ke juyawa a kanta idan an karya sitiyari, da bushinsa suna da lafiya? Tsohon aksil na sanda guda, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama, irin na Land Rover da tsofaffin a-kori-kura da manyan motoci, duk ƙarfin tsayawa ta jikinsa yake bi zuwa sifirin da sandunan da ke riƙe da shi, don haka birkin da ya fi ƙarfin abin da aka ɗaura shi a kai yana iya murɗe aksil ko ya sa gaban mota rawa. Faranti na walda da aka yanka da ido kuwa, ba na yarda a ɗora masa rayuwar mutum.

Abin da aka fi mantawa da shi, kuma shi ne ya kusa halaka ɗan ƙanena, shi ne masta, wato tukunyar da ke tura man birki. Kalifa ta fi ƙaramin silindan dram shan mai, saboda haka idan aka sauya gaba zuwa faifai aka bar tsohuwar masta, ƙafa za ta yi nisa kafin birki ya kama. Idan kuma aka ɗauko masta mai faɗin ciki fiye da kima, birki zai yi tauri kamar dutse, direba ya danna da iya ƙarfinsa motar tana ci gaba da tafiya. Haka nan mastar da aka yi domin dram tana da ɗan bawul mai riƙe ragowar matsi a cikin bututu, kusan fam 10 a kan kowane murabba'in inci, wanda idan aka bar shi a layin faifai zai sa fad, wato abin da kalifa ke matse faifai da shi, ya riƙa gogar faifan har ya ƙone. Sannan dole ne gaba ya riga baya kullewa, domin nauyin mota gaba yake komawa a lokacin tsayawa, kuma motar da tayoyin bayanta suka fara kullewa juyawa take yi a tsakiyar titi. Ina kuma ba da shawarar a rabu da masta mai layi ɗaya a koma mai layi biyu, wadda ta zama ƙa'ida a Amurka tun ƙarshen shekarun 1960, domin in tiyo ɗaya ya fashe a sami sauran rabin birki. Man birki ma kada a gauraya nau'in da ake kira DOT 5 da nau'in DOT 3 ko DOT 4.

Ra'ayina, wanda na san wasu matasa ba za su so shi ba, shi ne birkin dram mai lafiya da ya dace da aksil ɗinsa ya fi birkin faifai da aka harhaɗa. Tsohuwar Land Rover mai dogon jiki ta zo da dram na inci 11 a gaba, kuma da shi muka mayar wa ɗan ƙanena, muka saka sabon shu da sababbin tiyo da mastar da ta dace, motar ta koma tsayawa a miƙe.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyar makanikai ta jihar Kano da su riƙa koya wa yaran gareji auna sipindil da masta kafin su ba su damar taɓa birkin kowa. Jami'an duba lafiyar motoci da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa kuma, idan sun ga motar da aka sauya wa inji, su leƙa bayan tayar gaba su ga abin da aka ɗaura, su kuma sa a taka birkin a gabansu kafin su sa hannu a takarda.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon makanike,
Ƙofar Ruwa, Kano.