Ladabin 'Yan Filifin Ba A Jini Yake Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da ta zama ruwan dare a bakin mutanenmu da ke zuwa Saudiyya ko Dubai, ko don ibada, ko neman magani, ko kasuwanci. Da yawa suna dawowa da yabon 'yan ƙasar Filifin da suka tarar a asibitoci da otal-otal, suna cewa mutane ne masu ladabi da haƙuri da fara'a, sannan a rufe zancen da cewa ai a jininsu abin yake. Dattawan da suka yi sakandare a Arewa a shekarun 1970 da 1980, lokacin da malamai 'yan Filifin ke koyar da lissafi da kimiyya a makarantun gwamnati, su ma kusan haka suke faɗa. Yabon ba ƙarya ba ne. Dalilin da ake bayarwa ne nake ja da shi, domin ilimin nazarin zamantakewa yana da amsar da ta fi wannan gamsarwa.

Tun a shekarar 1377 masanin tarihin nan Ibn Khaldun ya rubuta cewa mutum ɗan abin da ya saba da shi ne, ba ɗan ɗabi'ar da aka haife shi da ita ba. Shekaru fiye da ɗari biyar bayan haka, a 1895, Bafaranshen nan Emile Durkheim ya ɗora ilimin zamantakewa na zamani a kan makamanciyar wannan fahimta, inda ya nuna cewa akwai hanyoyin tunani da na aiki da kowa ke tararwa a duniya, sun riga shi zuwa, kuma suna matsa masa lamba ko yana so ko ba ya so. Al'umma tana da abubuwan da take darajawa, tana da ƙa'idojin da ke kare su, tana cusa su ta hanyar tarbiyya, wanda kuma ya kauce sai ya gamu da hukuncinta, ko da hukuncin bai wuce harara ko tsegumi ba.

A dubi yadda yaro ke tashi a gidan Tagalog, ɗaya daga cikin manyan ƙabilun ƙasar. Idan ya shigo gida ya tarar da kakarsa, zai sunkuya ya kama hannunta ya ɗora bayan hannun a goshinsa yana cewa "mano po", ita kuma ta sa masa albarka. Ba ya kiran yayansa da gatsal sai ya sa "kuya" idan namiji ne, ko "ate" idan mace ce, kuma duk maganar da zai yi wa babba sai ya saƙa "po" a cikinta. Ranar da ya manta, uwarsa za ta tuna masa a gaban kowa, idan kuma ya girma yana take waɗannan ƙa'idoji za a ce masa "walang hiya", wato marar kunya, wanda yana cikin zagi mafi zafi a wurinsu. Bahaushen da aka koya wa durƙuso tun yana tatata ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ma'aikaciyar jinyar da alhajinmu ya gani a Jidda ta shekara ashirin ana yi mata wannan horo kafin ta taɓa hawa jirgi.

Tarihi ma ya sa hannu. Filifin tsibirai ne sama da 7,000, da jama'a fiye da miliyan 100 da harsuna fiye da ɗari. Sifaniya ta mulke ta daga 1565 zuwa 1898, ta bar mata ɗarikar Katolika wadda kusan kashi 80 cikin ɗari na jama'a ke bi, sannan Amurka ta karɓa har zuwa 1946, ta bar mata Turanci da makarantun koyon aikin jinya. Daga coci aka samu al'adar iyayen baftisma, "ninong" da "ninang", wadda ke mayar da bare ɗan uwa, har talaka kan nemi mai hali ya tsaya wa ɗansa domin a ƙulla zumuncin da za a ci moriyarsa gaba. A kudu kuwa, a Mindanao da Sulu, Musulunci ya riga Turawan Sifaniya isa, kuma Musulmin yankin suna da nasu tsarin iyali, har doka ta 1977 ta ba su damar saki alhali sauran 'yan ƙasa ba su da ita. Saboda haka duk wanda ya ce "'yan Filifin kaza suke" ya yi wa jama'a iri-iri kuɗin goro.

Abin da ya fi dacewa mu tsaya a kansa shi ne ɗabi'ar da suke kira "utang na loob", bashin alheri da ke zaune a zuciya. Marcel Mauss, wani Bafaranshe masanin zamantakewa, ya nuna a 1925 cewa kyauta a tsakanin mutane ba ta tafiya ita kaɗai, tana jan wajibcin karɓa da na ramawa. A Filifin wannan bashi ba shi da adadi kuma ba shi da ranar biya, wanda ake bin sa kuma ba zai taɓa cewa ya gama ba, musamman idan iyaye ne suka yi masa alherin. A ɗauki babbar 'ya a gidan manomi: ta tafi Hong Kong ko Riyad aikatau, tana turo kuɗin makarantar ƙaninta har ya zama ma'aikacin jinya, shi kuma da ya samu aiki sai nauyin ƙanwarsu ya hau kansa, ba tare da an zauna an rubuta komai ba. Duk ƙarshen shekara za a cika ƙaton kwali da sabulu da cakulan da takalma da abincin gwangwani a aika gida, ga sunan kowa a jikin nasa, har na maƙwabta. Idan ta yi shekara ba ta aika ba, babu kotun da za ta kira ta, amma duk unguwa za ta san labari.

Sai dai ɗabi'a ita kaɗai ba ta fitar da miliyoyin mutane daga ƙasarsu. A 1974, lokacin da kuɗin mai ya buɗe ayyuka a ƙasashen Larabawa kuma rashin aiki ya addabi Filifin, gwamnatin Ferdinand Marcos ta kafa dokar ƙwadago da ta mayar da tura ma'aikata waje manufar hukuma. Yau kuɗin da suke aikowa gida ya haura dala biliyan 30 a shekara, abin da ya doshi kashi ɗaya bisa goma na tattalin arzikin ƙasar, kuma hukuma tana yi musu kirari da sababbin jarumai. Matar da ke murmushi a bakin gadon marar lafiya tana aiki ne a kan kwantiragi, zamanta a ƙasar yana rataye da mai gidan aikinta, ga mutum bakwai ko takwas a gida suna jiran albashinta. Haƙurinta yana da tushe a tarbiyya, amma yana da tushe a rashin zaɓi ma, kuma mai yabon da bai ga wannan ɓangare ba rabin labari ya sani. Da aka rataye wata 'yar aikatau 'yar Filifin mai suna Flor Contemplacion a Singafo a 1995, fushin da jama'a suka nuna ya sa dole majalisar Filifin ta yi dokar kare ma'aikatan ƙetare a shekarar.

Su kansu masanan ƙasar sun yi muhawara a kan wannan yabo na ladabi. A shekarun 1960 wani limamin Katolika Ba'amurke, Frank Lynch, da ke bincike a Jami'ar Ateneo ta Manila, ya ce babban abin da ɗan Filifin ke so shi ne zama lafiya da kowa ba tare da fito-na-fito ba. A shekarun 1970 Virgilio Enriquez na Jami'ar Filifin ya ƙalubalanci irin wannan karatu, yana mai cewa baƙi sun tattara ɗabi'un da ke sa mutum ya yi laushi, kamar kunya da bin ra'ayin jama'a, sun bar waɗanda ke sa ya tsaya ya ja daga, kuma a ganinsa tushen duka shi ne "kapwa", ɗaukar ɗan'uwanka mutum a matsayin wani ɓangare na kanka. Ni ina ganin tarihi ya gaskata shi. A watan Fabrairun 1986 waɗannan mutane da ake kira masu biyayya suka cika titin EDSA na Manila kwana huɗu suna zanga-zangar adawa da Marcos, mata masu hidimar coci suka durƙusa a gaban tankokin yaƙi, har Marcos ya tsere zuwa Hawayi bayan shekara ashirin a kan mulki.

Haka abin yake da "bayanihan", gayyar da maƙwabta kan yi su ɗaga gidan gora ɗungurungum a kafaɗa su kai shi sabon wuri, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A watan Afrilun 2021, ana tsakiyar kullen korona, wata matashiya, Ana Patricia Non, ta ajiye ɗan keken gora da shinkafa da kayan miya a titin Maginhawa na birnin Quezon, da rubutun da ke cewa kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa ya ɗauki gwargwadon buƙatarsa, kuma cikin 'yan kwanaki ɗaruruwan irinsa suka ɓulla a faɗin ƙasar. Amma tun bayan guguwar Haiyan ta Nuwamban 2013, wadda ta kashe mutum fiye da 6,000, akwai 'yan ƙasar da ke cewa sun gaji da a yi ta yaba juriyarsu, domin yabon yana sauke wa hukuma nauyin da ke kanta.

A siyasa ne bashin alheri ya fi nuna ɗaya fuskar tasa. Shugaban ƙaramar hukuma da ya biya kuɗin asibitin mahaifiyarka, ko ya tsaya wa ɗanka a baftisma, ko ya sama wa ƙanenka aiki, ya ɗaure ka da igiyar da ba a gani, kuma ranar zaɓe kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ko da kuwa kuɗin da ya yi alherin da su daga baitulmalin jama'a suka fito. Idan ya sauka sai ya tsayar da matarsa ko ɗansa, bashin kuma ya koma kansu kamar gado. Tsarin mulkin 1987 ya hana gidaje mallake kujerun siyasa, amma ya bar wa majalisa ta fayyace yadda za a yi, ita kuwa majalisar, da yake 'ya'yan waɗannan gidaje sun cika ta, ta kwashe fiye da shekara talatin ba ta yi dokar ba. A zaɓen 2022 ɗan Marcos ya zama shugaban ƙasa, 'yar Rodrigo Duterte, shugaban da ya sauka ya ba shi kujerar, ta zama mataimakiyarsa.

Ina roƙon jaridarku, idan wakilanku za su rubuta labarin baƙin ma'aikata a ƙasashen Larabawa, ko 'yan Filifin ne ko namu 'yan mata da dillalai ke kaiwa aikatau, su riƙa tambayar sharuɗɗan kwantiragi, da wanda ke riƙe da fasfo, da yawan mutanen da ke cin abinci daga albashin.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya