Rahoton kwamitin gini: an kammala, saura maganar lokutan kunna sanyi

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi ginin ofishin ƙungiya ya kammala, magina sun kwashe kayansu, amma akwai abu ɗaya da kwamiti ke so kowa ya gane kafin a fara shiga.

Fandishon nan ba irin wanda muka saba ba ne, domin da shi ake sanyaya ɗakunan ginin. Ramuka aka haƙa masu zurfi na ginshiƙan da ke ɗauke da ginin, kafin a zuba kankare sai da aka ɗaure bututun roba a jikin rodi, ya gangara ƙasa ya lanƙwaso ya dawo sama, aka cika shi da ruwa aka matsa don a tabbatar ba ya yoyo, domin in kankare ya rufe shi shikenan ba mai sake ganinsa. Tun shekarun 1980 ake wannan dabarar a ƙasar Ostiriya da ke Turai. In ka wuce kamar mita 10 a ƙarƙashin ƙasa zafin wajen kusan ba ya canzawa duk shekara, toh sai injin sanyi ya kwashi zafin ɗakuna ya ba ruwan, ruwan ya kai shi ƙasa ya sauke.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙasa ba ta shanye zafi da sauri. Lokacin gwaji da aka bar injin dare da rana ruwan da ke dawowa sai ƙara ɗumi yake kullum, ƙasar da ke zagaye da ginshiƙan ta ɗau zafi ba ta karɓa sosai, injin na ta wahala yana cin wuta sanyin kuma ba wani na kirki ba. Da aka koma kashewa da daddare kuwa kafin safiya zafin ya watsu, ka taɓa bututun da hannu ma za ka ji bambanci.

Sai maganar kankaren kansa, yana miƙewa in ya ji zafi, ginshiƙi mai mita 20 in ya ƙaru da digiri 10 zai iya ƙara kamar milimita 2. Kaɗan ne amma gini ne sukutum a kansa, shi yasa injiniya zai riƙa duba ma'aunan da aka binne a ciki.

Kwamiti ya yanke a kunna injin da safe a kashe bayan tashi daga aiki, ranakun hutu kuma a bar shi a kashe. Masu taron dare don Allah ku sanar da sakatare tukuna, kar kowa ya taɓa saitin da kansa.