Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Jihar Zamfara kan masu lalurar ƙwaƙwalwa

Mai girma Gwamna Dauda Lawal,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ni malamin makaranta ne a nan Gusau, asalina wani ƙauye a ƙasar Tsafe. Halin da ƙanwar matata ta shiga shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bara 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar dawowa daga biki, ta yi kwana arba'in da ɗoriya a daji. Muka sayar da gona da shanun huɗa biyu aka haɗa kuɗin fansa, Allah ya kuɓutar da ita. Ranar da ta dawo gida ya cika da 'yan barka, kowa na cewa wahala ta ƙare. Sai ga shi ta shafe wata shida ba ta samun barcin awa uku a jere. Da ta ji ƙarar babur, ko da na mai kawo ruwan leda ne, sai ta saki abin da ke hannunta ta laɓe bayan ƙyaure jikinta na ɓari. Na taɓa iske ɗanta na goye ya yi kuka har muryarsa ta dishe, ita kuwa tana zaune kusa da shi ta zuba wa bango ido. Dangi suka ce iska ce ta shafe ta a daji. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Har an fara maganar a kai ta gidan mari, sai wata nas maƙwabciyarmu ta ce mu gwada asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. A can likita ya zauna ya saurare ta, ya ce ciwo ne sananne da ke biyo bayan mummunan firgici, ya rubuta magani. Cikin sati uku ta fara barci, ta fara cin abinci da mutane.

Ranka ya daɗe, mu mun samu kuɗin mota ne, kuma mun yi ƙarfin halin bin hanyar Talata Mafara. Wanda ke Ɗansadau ko Zurmi ko Shinkafi, wanda ko kasuwar garinsu yana shiga ne da addu'a a baki, ina zai kai tasa?

Wannan ciwo ya cika nahiyarmu. A rahotonta na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. A 2022 ofishinta na Afirka ya ƙiyasta masu ita a yankin da miliyan 116, alhali a 1990 miliyan 53 ne. Ya kuma ce babu yankin da ya kai Afirka yawan masu kashe kansu, kusan mutum 11 cikin kowane 100,000 a shekara, kuma likitan ƙwaƙwalwa ɗaya ne ke kan mutum 500,000. A Najeriya abin ya fi haka muni, domin likitocin ba su kai 300 ba, mu kuwa mun haura miliyan 200. Amma ƙididdigar da ta fi tayar mini da hankali ita ce wadda hukumar ta fitar a 2019, cewa a wuraren da ake fama da tashin hankali, mutum ɗaya cikin biyar na ɗauke da ciwon damuwa, ko firgici, ko taɓin hankali. A ɗora wannan lissafi kan Zamfara. 'Yan matan Jangebe 279 da aka sace a Fabrairun 2021 sun dawo, an yi murna. Yaran Bagega da sauran ƙauyukan Anka da Bukkuyum da suka tsira daga gubar dalma ta 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, kuma dalma ƙwaƙwalwa take ci. Ga matan da aka kashe mazansu a gabansu suna bara a titunan Gusau, ga matasan da suka koma wa taramol da kodin saboda babu gona babu makaranta. A ajin da nake koyarwa akwai yaron da ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ya faɗa ƙarƙashin benci.

Na san tsaro ne gaba, kuma na san aljihun gwamnati ba shi da zurfin da mutane ke zato. Shi ya sa ba katafaren gini nake roƙo ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani tsari mai suna mhGAP, wanda ake koya wa nas-nas da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi yadda za su gane ciwon damuwa da taɓin hankali da farfaɗiya, su ba da magani, su tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba. Muna da ƙananan hukumomi 14 da mazaɓu 147. Idan aka horar da ko da mutum biyu a kowace mazaɓa, aka ajiye magungunan a asibitinta, waɗanda yawancinsu tsofaffi ne masu araha, uwa ba za ta ɗaure ɗanta da sasari a ɗaki don rashin wurin zuwa ba. Kuma duk wanda aka sako daga daji, bayan an duba raunin jikinsa, a sa ma'aikaci ya riƙa bibiyarsa na wasu watanni.

Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba mai wannan lalura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Ina roƙon a tabbatar tana aiki a nan. Ba mu manta da ɗaruruwan mutanen da aka tarar cikin mari a Kaduna da Daura a 2019 ba. A jawo malamai da limamai cikin aikin, domin wurinsu ake fara zuwa. Idan liman ya ce a huɗuba addu'a da magani tare suke tafiya, kamar yadda ake yi wa mai zazzaɓi, mutanenmu za su ji.

Maganin ƙanwar matata zai ƙare a ƙarshen watan nan, kuma likita ya ce a dawo da ita ya sake duba ta. Tun yanzu muna lissafin kuɗin mota da ranar da hanya za ta fi lafiya.

Allah ya yi maka jagora, ya ba mu zaman lafiya.

Naka mai biyayya,
Wani malamin makaranta, Gusau