Wasiƙa daga Jidda: ka biya ni tsirena

Jidda, daren Alhamis

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya Hajiya da ciwon ƙafa? Allah ya ƙara sauƙi. Na san ka riga ka yanke hukunci cewa Saudiyya ta cinye ni, tunda saƙonka ya daɗe a wayata yana jiran amsa. To kai ma ba gwanin kira ba ne, kada ka ɗora mini laifin duka. Dogo ya gama Umra, ranar Lahadi zai tashi, shi ya sa na ce bari na rubuta maka da hannu ya kawo maka, don abin da zan faɗa ya fi ƙarfin saƙon murya. Ka tambaye ni ko za mu zo bikin Auta. Zan zo kan wannan. Bari na fara karɓar bashina.

Ka tuna musun da muka yi a zauren su Liman, har ka rantse da rawanin kakanka cewa kamfanin Disney ne ya yi Tom da Jerry, wai ai ɓera duk ɓera ne, wanda ya zana Mickey shi ya zana Jerry? Ka tuna mun sa tsire? To na samo alƙali. Kamfanin MGM ne, mutum biyu ne suka ƙirƙiro su, William Hanna da Joseph Barbera, fim ɗin farko ya fito a 1940, kuma a lokacin ma sunan kyanwar Jasper. Mickey kuwa tun 1928 yake yawo. Babu dangantaka ko ta maƙwabtaka. Tsiren na wajen mai gemu nake so, da ƙuli sosai, kada ka kawo mini na bakin tasha.

Alƙalin wani ƙaton kundi ne na Turanci a kan katun, wanda na tsinta a haraj, wato kasuwar gwanjo, ta kudancin gari. Teburin karatu na je nema wa takwaranka, sai na gan shi a cikin kwali tare da tsofaffin littattafan makaranta, bangonsa ya fara rabuwa. Mai kayan ya ce riyal 20, na ce 10, ya ce ɗauka ka rage mini kaya. Da shi da teburin na dawo, uwargida ta dube ni ta ce, "Yanzu da furfurarka?"

Amma fa ka ji aikin da aka zuba a ciki. An kasa shi kashi-kashi: na zamanin da fim ba ya magana, gajerun da ake nunawa a silima kafin babban fim, dogayen finafinai, sannan na talabijin. Kowanne ka buɗe za ka ga shekararsa, kamfaninsa, wanda ya ba da umarni, waɗanda suka ɗora murya, da jerin sunayen kashi-kashinsa. A ƙarshe ga fihirisa, ka nemi suna ta kai ka shafi. Ba talla, ba jiran intanet, ba wani yaro da zai fito yana ce maka ka danna ƙararrawa. A nan na ga cewa Hanna da Barbera sun yi gajerun Tom da Jerry guda 114 daga 1940 zuwa 1958, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar, kuma wanda ya riƙa hawa dandamali yana karɓa shi ne shugaban sashen, Fred Quimby, wanda ba shi ya zana ba. Ka ga ashe ba a ofishinku kaɗai ake yin haka ba.

Akwai abin da ya daɗe yana damuna tun muna yara, kundin ya warware mini shi. Ka lura akwai wasu Tom da Jerry da in an sa su sai ka ji ba daɗi, zanen ya bushe, sautin yana amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya? Har muna cewa na jabu ne. Ashe bayan MGM ta rufe sashen katun ɗinta a 1957, sai aka ba wani mai suna Gene Deitch kwangila, ya yi guda 13 a birnin Prag, tsakanin 1961 da 1962, da kuɗi kaɗan da ma'aikatan da ba su saba da salon ba. Daga baya Chuck Jones ya karɓa ya yi 34 daga 1963 zuwa 1967, su ne waɗanda Tom yake da kaurin gira, Jerry kuma da manyan kunnuwa. Idonmu bai yi ƙarya ba, mun gane hannu ya canza, sunan hannun ne ba mu sani ba.

Takwaranka kuwa wani wuri daban ya maƙale. Ka san yaron ya zama abin da ya zama, duk bayan littattafansa zane ne, har bangon bayan gida bai tsira ba. Shi ya karanto mana cewa hoto 24 ne ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Ya ɗauki biro ya lissafa, fim na minti bakwai ya haura hoto 10,000, ko da an riƙa barin zane ɗaya ya tsaya sau biyu, dubbai ne dai za a zana da hannu. Sai ya yi shiru. Na ɗauka ya karaya, har na fara murna a zuci. Ina! Washegari na tarar ya yanka takardu ƙanana ya ɗaure da roba, ya zana akuya a kusurwar kowacce, yana sakin su da babban yatsa, akuya tana tsalle tana tunkuyar wani mai jallabiya da ya yi kama da kafil ɗina, wato ubangidan da nake zaune a ƙarƙashin sunansa, fiye da kima. Na yi dariya har da hawaye, sannan na ce ya ɓoye.

Shi ne kuma ya nuna mini dabarar da Hanna da Barbera suka yi da suka koma talabijin, inda kuɗi bai kai na silima ba. Jiki ya tsaya cak, baki kawai ke motsi, in ana gudu kuma bango ɗaya ke ta maimaituwa, ka ga an wuce taga ɗaya sau biyar. Har kwalar da ke wuyan Yogi da ita aka raba kai da gangar jiki, don a sake zana kan kawai. Tun da ya faɗa mini na kasa kallon su yadda na saba.

Af, kafin na manta, Ɗan Goggo ya sake canza aiki. Yanzu wai direban wata makaranta ne a Madina, ya yi ƙiba har ba ka gane shi. Ya ce in gaishe ka, kuma maganar kuɗin nan ka ƙara haƙuri. Na isar.

To yanzu inda kundin ya ba ni haushi. Uwargida ce ta fara tona shi. Ka san ita a Makka aka haife ta, a Shari' Mansur ta girma, yarintarta da tamu ba ɗaya ba ce. Mu muna tabarma muna jiran NTA ta buɗe da yamma a sa mana Voltron, su kuwa Adnan wa Lina suke kallo, da Girandaiza, da Kaftin Majid, da Sindbad, dukkansu da Larabci mai kyau. Ta ce in dai kundin ya isa, a nemo mata Adnan. Muka duba fihirisa, babu. Takwaranka ya binciko mana cewa na Japan ne, an yi shi a 1978, kashi 26, kuma Hayao Miyazaki ne ya ba da umarni, mutumin da yanzu duniya ke sara wa. A Kuwait aka ɗora masa Larabci. Muka nema da sunansa na asali, nan ma babu. Girandaiza, wanda Go Nagai ya ƙirƙira a 1975, kashi 74, 'yan layuka kawai ya samu, su ma don an taɓa nuna wani yanki nasa a Amurka. Alhali a nan, ka tsayar da duk wani mai shekara arba'in da ɗoriya, ɗan ƙasa ne ko Basudane ko Batakure, ka fara masa waƙar da Sami Kalak na Lebanon ya rera, shi zai ƙarasa maka. A Riyad har mutum-mutumin Girandaiza aka kafa, ya haura mita 30. Uwargida ta rufe littafin ta ce, "Wannan bai san komai ba," ta koma kicin.

Ta yi tsauri, amma na gane inda ta dosa. Mai kundin ma'auninsa ɗaya ne: abin da aka nuna a Amurka. Abin da bai shiga can ba, a wurinsa ba a yi shi ba. Kuma da ya rubuta haka a bango da manyan baƙaƙe da ban yi magana ba, amma sunan da ya ba littafin na duniya ne gaba ɗaya. Voltron namu yana ciki, 1984, da sunayen Amurkawan da suka yi muryoyin. Maganar cewa asalinsa na kamfanin Toei ne na Japan, tun 1981, kuma an yayyanke wuraren jini da mutuwa kafin ya iso mana, a gurguje aka wuce ta.

Afirka kuwa kada ma ka tambaya. Ka san Nijar tana da mai yin katun tun shekarun 1960? Mustafa Alasan, wanda ya zauna a Tawa, nan kusa da mu. A 1966 ya yi wani gajeren fim na kwaɗi, shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki ana ta fareti da bushe-bushe, shaguɓe ne ga shugabannin da suka karɓi mulki bayan 'yancin kai. Ya rasu a 2015. Wani Banijare mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a unguwarmu ne ya fara ba ni labarinsa, takwaranka ya nemo mana muka kalla a waya. Babu shi a kundin. Masar ma tun shekarun 1930 take da Mishmish Afandi, daga baya ga Bakkar, yaron Nuba da aka fara nunawa da azumi a 1998. Babu ko ɗaya. Na ƙasar nan irin su Masamir, da suka fara a YouTube a 2011, ban ma zarge shi ba, don an buga shi kafin su zo. Wannan ciwon kowane littafi ne, ranar da ya fito daga maɗaba'a ranar ya fara tsufa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matar nan ta gidan su Tom. Ka tuna ta, baƙar mace mai silifas da tsintsiya, kullum daga ƙafa zuwa ƙirji ake nuna ta, tana ƙwala wa Tom kira? Muna yara muna cewa ta yi kama da Goggo in ta fusata. Kundin ya ba ni sunan wadda ta yi muryar, Lillian Randolph, ya ce daga 1952 ba a sake sa ta ba. Shi ke nan. Bai ce siffar baiwa ko 'yar aikin gidan Turawa ce aka zana ba, yadda ake yi wa baƙaƙen Amurka dariya a lokacin. Bai ce ƙorafi ne ya yi yawa ba, har daga baya aka sake zana ta a wasu a matsayin farar mace don talabijin. Haka wasu gajerun finafinai 11 na Warner da aka janye daga nunawa a 1968 saboda cin mutuncin baƙar fata, suna cikin jerin da shekarunsu, tsaf, ba ko tari. Ni da nake zaune a inda yaro zai iya dawowa daga makaranta ya ce an kira shi da wani suna saboda launinsa, wannan shirun bai yi mini ba. Takwaranka ya tambaye ni me ya sa ba a nuna fuskarta, dole ni na yi masa bayanin da littafi mai shafuka ɗaruruwa ya ƙi yi.

Kundin kamar rajistar mai unguwa yake: ya san wanda aka haifa da ranar, ya san wanda ya rasu, amma ba zai gaya maka wane ne mutumin kirki ba. Da gwanin aiki da wanda aka yi don a sayar wa yara kayan wasa, irin su He-Man na 1983, murya ɗaya yake karanta su. Wani zai ce ai aikinsa ke nan, ba sharhi aka sa shi ba. Na yarda rabi. Duk da haka a ciki na ga sunan Lotte Reiniger, Bajamushiya, wadda ta yanka baƙar takarda da almakashi ta yi dogon fim a 1926 daga labaran Dare Dubu da Ɗaya, shekara 11 kafin dogon fim ɗin Disney na farko. Layi kaɗan ne, amma sun isa yaron ya kwashe almakashin mamansa, har yau ana rigima.

Damuwata ke nan, mutumina. Yaron da gaske yake. Kakansa na wajen uwa ya riga ya kira ni gefe a kan maganar zanen abu mai rai, na ce masa za mu tambayi malamai, ban ƙara ba ban rage ba. Ni kuma tunanina na abinci ne. A nan harkar ta fara motsi, tun da aka sake buɗe silima a 2018, har wani kamfanin Riyad ya haɗa hannu da Toei suka fitar da dogon fim a 2021. Amma ɗan baƙo mai igama, wato takardar izinin zama, ina zai kutsa? Kai da kake cikin 'yan boko, ka bincika mini ko akwai inda ake koyar da wannan a gida da gaske, Zariya ko Legas, da abin da ake nema. Na ji labarin Bino da Fino da ake yi a Abuja, ko ka san wanda ya san su? Kada ka ce mini "za a duba" irin taka.

Dogo zai ba ka dabino da turare, na Hajiya ne, ban da kai. Akwai zanen akuya ɗaya a cikin ambulan, takwaranka ya ce a ba ka, wai ka lura da wanda ake tunkuya a wannan karon, ya sa masa hularka. In mai dawowa ya samu, a aiko mana da kuka da daddawa, ta wancan karon ta ƙare tun kafin azumi. Ka gaida amarya, ka gaida su Liman, ka ce wa Ɗan Tela har yanzu wandon nan bai kai idon sawu ba.

Naka,
mutuminka na Jidda