Wa ya gina wa gunkin korarru fadar zinare?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina cikin masu bin ƙagaggen labarin nan da kuke bugawa a shafin adabi, na ƙasar da marubucin ya ƙirƙiro da mutanenta da gumakanta. Masu cewa yana koyar da shirka ban bi bayansu ba, tatsuniya ce, kuma shi kansa bai ce a bauta wa komai ba. Ƙorafina daban ne.

Abin da ya riƙe ni a labarin tun farko shi ne gunkin korarru, wanda aka ce an manta da shi. Duk wanda sarki ya kora sai ya tsaya a ƙofar gari ya ɗebi ƙasa, ya ƙulle a bakin zane, ya kira sunan a hankali don kada dogarai su ji. Wannan ya yi ma'ana. Sai ga shi a fitowar makon jiya jarumin ya tarar da fadar gunkin a tsakiyar daji, ginshiƙai na zinare, bokaye sahu-sahu. Haba malam! Wa ya gina? Mutumin da aka fatattaka da rigar wuyansa kaɗai, ina ya ga zinare? In kuma bokaye sun cika wurin, wa ya manta da shi?

Da marubucin ya leƙa tarihin Rum da ya ga yadda mantuwa take aukuwa. Rumawa sun ce an kafa birninsu a shekara ta 753 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma Romulus, sarkinsu na farko, don ya tara jama'a, ya keɓe wani fili a tudun Kafitol, tsakanin kurmi biyu, ya ce duk wanda ya shiga ya tsira. Bawa da ya gudo ba a mayar da shi ga ubangidansa, mai bashi ba a miƙa shi, har mai kisan kai. Da birni ya bunƙasa, jikokin waɗannan 'yan gudun hijira suka zama manya, sunan abin bautar wurin ya ɓace. Dionysius, marubucin tarihi na zamanin Sarki Augustus, ya ce ba zai iya tabbatar da ko wane ne ba. Plutarch kuwa, shi ma marubuci na da, mai mafaka kawai ya kira shi. Wasu masana na danganta shi da wani gunkin Rumawa mai suna Veiovis, wanda aka buɗe ɗakin bautarsa a wannan wuri a 192 kafin haihuwar Annabi Isa, aka tono shi a 1939, gunkin ba kai. A ganina dalilin a fili yake: ba attajirin da ke son a tuna masa kakansa gudajjen bawa ne.

Tsumburbura ta Kano kuwa, Sarki Tsamiya ya rushe wurin bautarta tun ƙarni na 14, amma har yau yara sun san sunanta, saboda Dala na nan inda yake, ita da Barbushe kuma sun shiga tarihin masu gari. Korarre ba shi da dutse, ba shi da maroƙi.

Don haka ina roƙon ku isar wa marubucin cewa tun da labarin bai ƙare ba, ya nemo wa fadar nan bayani. Ko ta zama yaudarar wani sarki mai farautar waɗanda ya kora, ko kuma ya gaya mana wanda ya biya magina.

Naku,
Mai karatu daga Zariya